Ribar jari: abin da ke ɗaga ta da abin da ke kayar da ita daga shekara zuwa shekara

A Tawa, in masu haɗin gwiwar kasuwanci suka zauna lissafin ƙarshen shekara, tambayar farko ita ce nawa aka samu. A ce miliyan 20, kowa ya yi hamdala. Tambayar da ta fi wannan nauyi ba kasafai ake yin ta ba: da jarin nawa aka samo miliyan 20 ɗin? Wanda ya same ta da jarin miliyan 100 da wanda ya same ta da miliyan 400 ba matsayinsu ɗaya ba, ko da shagunansu na manne da juna. Na farko kowace jaka tasa ta jawo masa sefa 200, na biyu sefa 50 kacal. Wannan ma'auni shi ne ribar jari, wanda ma'aikatan banki ke taƙaitawa da ROE. Ana ɗaukar ribar da ta rage bayan an biya komai, har da kuɗin ruwa da lanho, a raba ta da abin da masu kamfani suka mallaka da gaske, wato dukiyar kamfani gaba ɗaya bayan an cire bashin da ake bin sa.

Ma'auni ne mai kyau, kuma a ganina duk mai hannu a kamfani ya kamata ya iya fitar da shi da kansa, ba sai ya jira akawu ba. Amma in aka tsaya a kan adadin shi kaɗai, yakan rufe wa mutum ido. Kashi 20 cikin 100 na bana da kashi 20 na shekaru biyar baya suna iya fitowa daga wurare biyu da ba su da dangantaka: ɗaya daga ƙarfin ciniki, ɗaya daga bashin da ya yi wa kamfani katutu. Abin da ya dame ni ke nan, don shekarun nan sun canza yadda kuɗi ke tafiya a kasuwancin Nijar, alhali takardun wasu kamfanoni na nuna kamar ba abin da ya faru.

Hanyar buɗe cikin wannan adadi ta haura shekara ɗari. Wani ma'aikacin kamfanin DuPont na Amurka, Donaldson Brown, shi ya fito da ita a shekarun 1910, daga baya ya tafi da ita General Motors. Shi gida biyu ya raba lissafin, na uku daga baya aka ƙara. Gida na farko ribar ciniki: a cikin kowace sefa 100 da aka sayar, nawa ke saura. Na biyu juyawar dukiya: sau nawa dukiyar kamfani ke komawa ciniki a shekara. Na uku nauyin bashi: dukiyar da kamfani ke juyawa ta ninka jarin masu shi sau nawa. In aka ninka ukun nan da juna, ribar jari ce ke fitowa, ba ragi ba ƙari. Amfanin abin yana bayyana ne in aka jera shekaru kusa da juna.

Mu ƙaga wani kamfani don misali, na wa da ƙannensa biyu, masu sarin shinkafa da sukari da taliya da man girki. Duk adadin na misali ne, a miliyan na sefa. A shekara ta farko sun yi cinikin 500, riba 20. Dukiyarsu, wato haja da motoci da kuɗin da ke banki da bashin da suke bin mutane, ta kai 125. Ana bin su 25, saura 100 jarinsu ne. Ribar ciniki kashi 4, dukiya ta juya sau 4, nauyin bashi 1.25. Ribar jari kashi 20.

A shekara ta uku hanya ta yi wuya, kaya sun yi ƙaranci a kasuwa. Ciniki ya sauka zuwa 400, amma da yake duk abin da ya iso ana rububinsa, riba ta tsaya a 20, wato kashi 5. Dukiya ta kumbura zuwa 160, ba don an yi arziki ba, don kaya na daɗewa a hanya kuma dole a yi odar wasu kafin na farko su iso. Juyawa ta koma sau 2.5. Jari na nan a 100 tunda duk shekara rabe ribar suke yi, don haka bashi ne ya cike giɓin, ya kai 60, nauyinsa 1.6. Ribar jari kashi 20.

A shekara ta biyar kaya sun wadatu, masu sari sun ƙaru, farashi ya lafa. Ciniki 480, riba 16, kashi 3.3 ke nan. Dukiya 240, juyawa sau 2. Babban wa ya zari wani abu ya ƙarasa gini, ƙaramin ya zari na aure, jari ya dawo 80. Bashi 160, nauyinsa 3. A raba 16 da 80, kashi 20 ne.

Wanda aka nuna wa layin ƙasa kawai zai ce wannan kamfani ba ya motsi, shekara biyar yana ba da abu ɗaya. Gaskiyar ita ce ribar ciniki ta ragu, juyawa ta faɗi da rabi, bashi kuma ya ninka fiye da sau shida. A ce darajar dukiyarsa ta zube da kashi 10, ko ta lalacewar kaya, ko faɗuwar farashi, ko wani babban abokin ciniki ya gudu da bashi. A shekara ta farko asarar 12.5 ce a kan jarin 100, za a ji zafi a wuce. A ta biyar asarar 24 ce a kan jarin 80, kusan sulusin abin da suka mallaka ya tafi a karo ɗaya, masu bin bashi kuwa ba za su rage ko dala ba.

Cikin gidajen uku, juyawar dukiya ce na fi so mai karatu ya zuba wa ido, don ita ce ta fi shan wuya a ƙasar da ba ta da bakin teku, kuma ita aka fi mantawa da ita. Ɗan kasuwa ya san ribarsa a kan kowane buhu, ya san bashin da ke kansa, amma kaɗan ne ke ƙirga kwanakin da jakarsa ke yi daga ranar da ta fita hannunsa zuwa ranar da ta dawo. Juyawa sau 4 na nufin kamar kwana 90. Sau 2 kwana 180. Bambancin wata uku ne cur da kuɗi ke kwance ba sa aiki.

Wuri na farko da kuɗi ke kwana shi ne hanya. Shekaru da yawa yawancin kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku a tashar Kwatano suke sauka, su haura arewa su ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi a ranar 30 ga watan, iyakokin Benin da Najeriya suka rufe. An janye takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar ba ta koma yadda take ba, kaya suka karkata zuwa tashar Lome, su ratsa Burkina Faso, su bi ta Kaya da Dori su shigo ta Tera cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Jiran ayari ya taru kwanaki ne, jiran rakiya wasu kwanakin. Daga Yamai kuma akwai sauran tafiyar sama da kilomita 500 kafin Tawa. Kwantenar da aka biya kuɗinta tun tana kan ruwa, a takarda dukiyar kamfani ce, amma ba ta sayuwa. Ko farashin sufuri bai ƙaru da ko sefa ɗaya ba, tsawon kwanakin nan kaɗai ya isa ya kayar da ribar jari. Balle ga shi ya ƙaru. Kafin wannan ma an ɗanɗana irinsa, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka bar masu tura kaya ta Ƙonni da Maraɗi da haja jibge ba mai saye.

Wuri na biyu magaza. Wanda ya taɓa rasa kaya yana ji yana gani abokan cinikinsa suka koma wurin wani, in hanya ta buɗe sai ya cika magaza har rufi. Tsoronsa na da dalili. Sai dai ka shiga ka duba layin ƙasa na buhunan shinkafa, waɗanda aka jera tun watanni, ƙura ta lulluɓe su, wasu ƙwari sun fara shiga, ga katan-katan na taliya da ranar lalacewarsu ke matsowa. Mai su yana kallon su a matsayin arziki, kuma a littafi haka aka rubuta su, a farashin da aka sayo. Kowane wata da suka ƙara suna jan juyawa ƙasa.

Na uku shi ne littafin bashi. Babban ɗan kasuwa ba ya rabuwa da ba da kaya bashi ga masu ƙananan shaguna na Keita da Abalak da Ilela da ƙauyukan kewaye, a kan za su kawo kuɗi kasuwar Lahadi. In damina ta yi kyau suna kawowa. In ba ta yi ba, mai shago zai zo ya durƙusa ya gaishe ka, ya ajiye rabi, ya ce: "Alhaji, a ƙara mini haƙuri, mutanena ba su biya ni ba, in Allah ya kai mu mako mai zuwa zan cika." Sannan ya roƙi a ƙara masa buhu goma don kada shagonsa ya bushe. Ana ba shi, don zumunci ne na shekaru. A lissafi an rubuta ciniki, an rubuta riba, kuɗi kuwa ba su shigo ba. Ciniki na iya hauhawa shekara uku a jere ta wannan hanya, ribar jari ta yi kyau a takarda, aljihun kamfani wayam. Masu yi wa hukumomi aiki su ma sun san wannan jira. Shi ya sa nake ganin duk wanda ke bin ribar jari ya riƙa duba ko bashin da kamfani ke bin mutane yana girma fiye da yadda ciniki ke girma. In haka ne, wani yanki na ribar alkawari ne kawai.

Ribar ciniki kuwa, a yankinmu rabinta a hannun naira take. Sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957 tun 1999, naira kuma tana tashi tana faɗuwa. Da ta faɗi a 2016, da kuma bayan an sake ta a Yunin 2023, kayan Najeriya sun yi araha ga mai riƙe da sefa. Wanda ke saro kaya daga Sakkwato ko Kano ribarsa ta buɗe, wanda ke riƙe da irin kayan da ya shigo da su ta teku ya biya duwan cikakke kuma ribarsa ta matse, ba tare da ɗayansu ya canza komai a yadda yake aiki ba. Mai sayar wa ƴan Najeriya dabbobi ko wake shi ma ya ga masu sayensa sun rage ƙarfi. In ka ga ribar ciniki ta yi tsalle a shekara ɗaya, ka fara tambayar canjin kuɗi kafin ka yaba wa manaja.

Akwai kuma ribar da tashin farashi ke kawowa, wadda ta fi kowace yaudara. Ka sayo buhu a kan jaka 15, kafin ka sayar farashi ya haura, ka sayar 22. Littafi ya ce ka ci jaka 7. Amma buhun da za ka mayar gurbinsa yanzu jaka 20 ne. Abin da za ka iya ci ba tare da ka rage yawan hajarka ba jaka 2 ne. Dattawan kasuwa sun ga wannan a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi: masu kaya a magaza sun wayi gari da riba mai yawa a takarda, waɗanda suka rabe ta suka kashe kuma sai suka tarar kuɗin da ya rage ba ya sayen yawan kayan da suka saba. Irin wannan shekara ba a gina tsammani a kanta.

Sauran abubuwan da ke motsa ribar ciniki ba su da wuyar ganewa in an neme su. Harajin ribar kamfanoni a Nijar kashi 30 ne, kamfanin da aka yafe wa haraji na wasu shekaru don ƙarfafa zuba jari zai ga ribar jarinsa ta sauka ranar da yafiyar ta ƙare, alhali aikinsa bai lalace ba. Kamfanin da ya sayar da fili ko tsohuwar mota zai nuna riba mai tsoka shekara ɗaya tak. Masu sayar da kayan da gwamnati ke ƙayyade wa farashi, kamar man fetur, ribarsu a kan lita ba a hannunsu take ba. Don haka masu bincike ke ƙara tsaga ribar ciniki, su ware abin da sana'ar kanta ta kawo, da abin da kuɗin ruwa ya ci, da abin da haraji ya ɗauka. Na farkon ne ke gaya maka ko kamfani ya iya aikinsa.

Bashi ba abin ƙi ba ne a kasuwanci, hanji ne, yana cikin kowa. Ƙa'idarsa guda ce: yana ƙara ribar jari muddin abin da dukiya ke samarwa ya fi kuɗin da ake biya a kan bashin. A ce kasuwancinka na ba da kashi 15 kafin kuɗin ruwa da haraji. Da jarinka 100 kaɗai ka samu 15. Ka ranto wata 100 a kan kashi 10, ka samu 30, ka biya 10, saura 20 a kan jarinka 100. Shekarar da kasuwa ta ja baya zuwa kashi 6, mai jarinsa kaɗai ya samu 6, kai ka samu 12 ka biya 10, saura 2. In ta sauka zuwa 3, shi yana da 3, kai ka ci uwar kuɗi da 4. A ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, a 2014 an sa iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun ba da rance. Wanda ya ɗauki rance a kusa da 24 don ya riƙe kayan da za su yi wata shida kafin su dawo kuɗi, sai sana'arsa ta yi matuƙar albarka kafin ya fita.

Da yawa cikin ƴan kasuwarmu ba sa kusantar rance mai ruwa saboda addini, kuma wasu na ɗauka wannan ɓangare bai shafe su ba. Ya shafe su. Kayan da babban dila na Yamai ko Lome ya ba ka ka sayar ka biya, bashi ne. Kuɗin da wani ɗan ci-rani ya turo daga Abijan ya ce ka juya masa zai karɓa in ya dawo, in ba a yi yarjejeniyar raba asara ba, bashi ne. Kayan da bankin Musulunci ya saya ya sayar maka ka biya a hankali, nauyi ne da ke jiran ranarsa. Bashin dila ma yana da tsadarsa a ɓoye cikin farashi, tunda mai biya nan take ana rage masa. Kuma shi ne ke saurin tsinkewa: ranar da dila ya ji ƙishin-ƙishin ka shiga matsi, ranar zai ce a kawo kuɗi hannu.

Abin da ya sa ba na amincewa da ribar jarin da bashi ya ɗaga shi ne ba ta buƙatar ƙwarewar komai, sa hannu kawai take buƙata, kuma tana yin kyau har zuwa ranar da za ta daina. Bankin Lehman Brothers na Amurka yana nuna ribar jari mai ban sha'awa kafin 2008, yana juya dukiyar da ta ninka jarinsa kusan sau 30. A irin wannan nauyi, faɗuwar kashi 3 ko 4 a darajar dukiya ta isa ta share jarin gaba ɗaya, kuma a Satumban 2008 ya rushe.

Ɓangaren da ake rabawa da shi, wato jarin kansa, shi ma yana motsi, kuma nan ne ido ke yawan tsallakewa. Duk abin da ya rage jari yana ɗaga ribar jari. Asarar bara tana rage jari, sai ƙaramar ribar bana ta fito da girma. Zarar kuɗi don hidimar gida tana rage shi, kamar yadda muka gani a misalin ƴan'uwan nan. Manyan kamfanonin duniya na yin haka da gangan ta hanyar sake sayen hannayen jarinsu daga hannun masu riƙe da su: ribar jarin Apple ta haura kashi 100 a shekarun baya-bayan nan, McDonald's kuwa jarinsa a takarda ya koma ƙasa da sifili, inda ma'aunin ba ya ba da ma'ana sam. Su suna da kuɗin shiga da ke ɗauke da wannan. Ƙaramin kamfani a Tawa ba shi da shi, kuma dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta tanadi cewa in asara ta kai jari ƙasa da rabin kuɗin da aka kafa kamfani da su, dole masu shi su zauna su yanke ko za a ci gaba ko a rufe.

Tsufan kayan aiki na yin irin wannan aiki a hankali. Kowace shekara akawu na rage darajar mota a littafi har ta kai sifili, alhali tana nan tana jigila tsakanin Tawa da Agadas. Dukiya ta yi ƙanƙanta a takarda, juyawa ta yi kamar ta ƙaru, ribar jari na hawa shekara bayan shekara. Ba ƙwazo ba ne, sabuwar mota ce ba a saya ba, kuma ranar sayenta na tafe. Akasin haka ke faruwa ga wanda ya gina sabon injin ko ya sayo motoci bana: ribar jarinsa za ta faɗi shekara biyu ko uku kafin sabon abin ya fara biya. Wanda ya yanke hukunci da adadi kaɗai zai yabi mai cin tsohon gumi ya zargi mai shuka. Fili ma haka. Magazar da aka saya shekaru talatin baya tana nan a littafi da tsohon farashinta. In aka sa darajarta ta yau, kashi 20 na iya komawa 8, sai mai ita ya tambayi kansa ko hayar wurin ba ta fi cinikin da yake yi a ciki ba.

Wani abu da ya keɓanta da kasuwancin amfanin gona shi ne ranar rufe littafi. A tsarin lissafin OHADA shekara na ƙarewa ne ranar 31 ga Disamba. Mai cinikin albasar Galmi yana saye ne da bazara, lokacin da aka tono ta farashi ya faɗi, ya zuba a rudu, bukkar kara da ciyawa da ake ɗaga wa ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, yana zuwa yana tsince wadda ta ruɓe kada ta shafi sauran, har farashi ya tashi ya loda zuwa Gana ko Kodebuwa. Kafin Disamba rudunsa ya kusa zama fanko, ya biya masu bin sa. Takardarsa za ta nuna ƙaramar dukiya, ƙaramin bashi, juyawa mai sauri, ba ta nuna nauyin da ya ɗauka a watan Mayu ba. Mai sayen gero da wake da kaka kuwa Disamba ce ke tarar da shi a cike, da bashi har wuya. A kwatanta su biyun a wannan rana zalunci ne ga na biyu. Maganin abin shi ne a ɗauki matsakaicin dukiya da jari na watanni daban-daban cikin shekara, ko aƙalla na farkonta da na ƙarshenta.

Daga nan ake gane cewa kowace sana'a da inda take samo ribar jarinta. Mai sari ribarsa siririya ce, sauri ke riƙe shi. Masana'antar siminti irin ta Malbaza ko matatar mai ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, dukiyarsu mai nauyi ce, ba ta juyawa da sauri, sai sun samu riba mai kauri a kan kowane tan kuma injin bai tsaya ba. Banki kuwa sana'arsa ce juya kuɗin mutane, dukiyarsa kan ninka jarinsa kusan sau goma, shi ya sa babban bankin yankin, BCEAO, ke sa masa ido, kuma a ƙarshen 2023 aka ɗaga mafi ƙarancin jarin kafa banki a yankin daga biliyan 10 zuwa 20. Bankin da ya cika wannan da sabon kuɗi daga masu hannun jari ribar jarinsa za ta sauka na ɗan lokaci, wanda ya cika da tsohuwar ribar da ya tara kuwa ba abin da zai canza, tunda dama tana cikin jari. Mai son gwada hannunsa da alƙaluman gaske yana iya ɗaukar rahotannin bankin BOA Niger, wanda ke kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan kuma dole ya wallafa lissafinsa duk shekara, ya jera na shekaru biyar ko goma. A banki, abin da ya fi kaɗa riba daga shekara zuwa shekara shi ne kuɗin da ake warewa saboda bashin da ba a biya ba.

Akwai lissafi ɗaya da nake ganin ya fi kowane amfani ga kamfanin da ke barin riba a ciki don ya girma. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kamfanin da ke samun kashi 20 yana barin rabi zai iya girma da kashi 10 a shekara ba tare da ya ƙara nauyin bashi ba. Amma sai a tambayi sabon kuɗin abin da ya kawo. A ce jari ya tashi daga 100 zuwa 200 cikin shekaru, riba kuma daga 20 zuwa 28. Ribar jari kashi 14 ce, ba laifi a ido. Sai dai tsohuwar 100 ce ke kawo 20, sabuwar 100 ta kawo 8 kawai. Wataƙila reshen da aka buɗe a Yamai ne bai karɓu ba, wataƙila motocin da aka ƙaro rabin lokaci a ajiye suke. Ƙarfin tsohon ciniki na rufa wa sabon asiri, kuma muddin ana zuba riba a wurin, adadin zai ci gaba da zamewa a hankali ba wanda ya san dalili. Masu hannu a irin wannan kamfani suna da haƙƙin su ce a raba musu kuɗinsu su kai inda ya fi.

Ga kamfanin da ya sami kansa a matsayin shekara ta biyar ɗin can, gyara na farawa ne da yarda adadin ya sauka. In suka daina zarar komai shekara biyu, ribar 32 ta tafi biyan bashi, jari zai koma 112, bashi 128, ribar jari kuma ta dawo wajen kashi 14. Ƙanin da ya saba jin 20 zai ce wa babban: "Yaya, ai baya muke yi." A nuna masa cewa asarar kashi 10 da a da za ta ci sulusin jarinsu yanzu kusan ɗaya bisa biyar za ta ci. Sauran aikin a kwanaki yake. In suka karɓo tsofaffin basussuka, suka karyar da kayan da suka daɗe a magaza ko da ba riba, suka rage dukiya daga 240 zuwa 190 ba tare da ciniki ya ragu ba, miliyan 50 ta fito ta tafi ga masu bin su, bashi ya dawo 78, juyawa ta haura sau 2.5, kuɗin ruwan da suka daina biya kuma ya koma cikin riba.